Daga Birchi zuwa Bakin Teku: Hanyar Waliyai, Sarakuna da Fatake

Duk wanda ya tashi a Birchi ko Kurfi ko Dutsin-Ma ya san wani da ya taɓa zuwa Ikko. Wani tirelar shanu ya bi, yana bisa katako har Legas. Wani ci-rani ya kai shi Agege, wani kuma aikin soja. Abin da ba a cika gani ba shi ne magidanci ya zuba iyalinsa a motarsa ya nufi kudu, babu kayan sayarwa a but, babu biki ko ta'aziyya a gaba, niyyarsa kawai su ziyarci kaburburan magabata, su ga tsofaffin birane, su kuma tsaya a inda ƙasa ta ƙare ruwan gishiri ya fara. In ka faɗi haka a majalisa, sai wani dattijo ya dube ka ya ce, “To Malam, me za ka samo?”

Tambayar tana da amsa. Hanyar da ta tashi daga tsakiyar jihar Katsina ta bi Daura da Kano da Zariya da Lakwaja da Badun ta dire Badagiri, kusan kilomita 1,500 ce, kuma da wuya ka yi tafiyar yini a kanta ba ka ci karo da kabari ko unguwa ko masallacin da namu ne ba. Malamanmu suna kwance a farkonta, sarakunanmu da Turawa suka tuɓe suna kwance a tsakiyarta, a ƙarshenta kuma akwai gaɓar da aka yi ta loda mutane a jiragen ruwa, cikinsu har da masu magana da harshen nan. Motar haya ba ta tsayawa a waɗannan wurare. Direba yana sauri ne ya juyo da wani lodin. Sai mai motar kansa ne ke iya cewa a tsaya nan, a sauka, a yi sallama.

Mafi nauyin tafiyar yana bakin ƙofa. Kurfi da Dutsin-Ma suna cikin ƙananan hukumomin da ɓarayin daji suka addaba, kuma suna cikin goma sha ukun da aka katse wa layin waya a watan Satumbar 2021. Mutanen yankin ba sa buƙatar a koya musu dokar hanya: ba a fita da duku-duku, ba a bari magariba ta riske ka, kuma kafin a tayar da mota sai an kira wani a tasha an ji ko “hanya lafiya”. Wannan hali ba sabo ba ne a ƙasar. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya kuma bayyana yadda Kurfi ta kewaye kanta da ganuwa da ramukan tsaro a tsakanin duwatsu, saboda hare-haren wancan zamani. Shi ma bai yi tafiyar shi kaɗai ba, ayari ya bi. Wanda zai fita da mata da yara a yau, gara ya nemi mota ta biyu, ta ɗan'uwa ko ta aboki, su riƙa tafiya tare.

Akwai wani rashi da dole a faɗe shi tun da wuri. Babbar ziyarar ƙasar Hausa tana Sakkwato, a Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, inda ’yarsa Nana Asma'u ma take kwance, sai Wurno wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai Gwandu wurin Malam Abdullahi. Daga Dutsin-Ma hanya a miƙe take: Ƙanƙara, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara. A gefenta ma akwai ’Yandoto, garin malamai da ya yi suna tun kafin jihadi. Amma ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya bi ta nan don yawon ganin gari ba. Abin takaici ne a ce Bakatsine ya fi samun kwanciyar hankalin zuwa bakin teku bisa ga zuwa kabarin Shehu. Sakkwato sai a ware mata tafiyarta daban, ta hanyar da masu bin ta kullum suka ce ta fi aminci a lokacin.

Saboda haka a fara da Katsina, wadda ba ta kai tafiyar awa biyu daga Birchi ba. Da yawa daga cikinmu mun sha shiga birnin don asibiti ko sakatariya ko kasuwa, amma ba mu taɓa taka matakalar Gobarau ba. Hasumiyar ƙasa ce mai tsayin kusan mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, lokacin da Katsina ta zama matattarar malamai daga Timbuktu da Agadas da Barno. Daga nan sai waliyai. Wali Ɗanmasani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, ya bar rubuce-rubuce a fiƙihu da nahawu da yabon Manzo. Wali Ɗanmarina, masani kuma mawallafin waƙoƙi, shi ne maƙabartarsa ta zama makwancin manyan Katsina, har da Shugaba Umaru Musa ’Yar'aduwa da aka binne a can a watan Mayun 2010. Sai Wali Ɗantakum. Yaron da ya ga waɗannan wurare zai daina zaton ilimi ya shigo Katsina ne ranar da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ko da yake ita ma kwalejin, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, ta cancanci a shiga, tunda yanzu gidan tarihi ce.

Na san ba kowa ke jin daɗin kalmar ziyara ba. A mota ɗaya ana iya samun uba ɗan ɗariƙa, ɗa ɗan Izala, kuma gardamar da aka yi shekaru ana yi a masallatai ba za ta ƙare a kujerar baya ba. Amma babu ɓangaren da ya hana yi wa mamaci sallama da roƙa masa gafara, babu kuma wanda ya hana sanin wane ne a kwance a wurin da abin da ya rubuta. A ganina wannan ya isa a gina tafiya a kansa. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba a bakin hubbare, ya yi addu'arsa ya koma mota, kada a ɓata zumunci a garin mutane.

A hanyar Daura, a ƙasar Mani, akwai Durɓi-ta-kusheyi, tuddan da aka binne sarakunan farko na Katsina. An haƙa wasu a 1907, aka sake haƙawa a 1992, aka samu kayan tagulla da na hauren giwa da zinariya, har da kwanon da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. Ma'ana, ɗaruruwan shekaru kafin a san kwalta, kaya suna tsallako hamada su iso nan. A Daura kuwa rijiyar Kusugu tana nan cikin gininta, ana ɗebo wa baƙo ruwa ya sha. Labarin Bayajidda da macijiya da Sarauniya Daurama masana tarihi suna ja-in-ja a kan yadda za a fahimce shi, kuma babu laifi a gaya wa yara haka bayan sun gama sauraren mai gadin wurin. Wanda ya daidaita tafiyarsa da watan Maulidi zai tarar da hawan Sallar Gani.

Kano ba ta buƙatar gabatarwa. A hau Dala da safe, a shiga Gidan Makama, a leƙa marinar Ƙofar Mata. Abin da ya shafi wannan tafiya musamman shi ne kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Daga irin waɗannan kasuwanni ne ayarin fatake ke tashi zuwa Gwanja neman goro, da jakuna da kanwa da tufafin rini, tafiyar watanni. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara, kuma yana cikin waɗanda suka gane cewa ana iya loda goron a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas maimakon a bi ta tudu. Ashe teku ta daɗe a lissafin Bahaushe. A wannan kasuwa ta Kurmi kuma an sayar da mutane. Ya kamata uba ya faɗi wannan da bakinsa tun a Kano, domin zancen zai sake tasowa a ƙarshen hanya.

Mai riƙe da sitiyari a irin wannan tafiya madugu ne, kuma madugu da lissafi aka san shi. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha kusan lita 300 zuwa da dawowa. In an ƙaddara lita a naira 1,000, fetur kaɗai ya tashi naira 300,000, ban da masauki da abinci da abin da bakanike zai karɓa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan lissafi ya fi ƙarfin mafi yawan gidaje, shi ya sa haɗa gwiwar gida biyu ko uku ke da amfani. Takardu kuma su cika: lasisin tuƙi, takardun mota, inshora, abin kashe gobara, safaya mai iska, jak. Shingayen bincike sun fi yawa daga Lakwaja zuwa kudu, kuma mota mai lambar Katsina ba ta wucewa ba a dube ta ba. Wanda takardunsa suka cika yana da bakin magana. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, an kai amfanin gona gida, ruwa ya ɗauke, sai dai a kula da hazon hunturu da sassafe. Sallah kuwa addini ya sauƙaƙa wa matafiyi, ga ƙasaru ga jam'i.

A Zariya a kwana. Masallacin Juma'ar birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, shi ne ƙololuwar ginin ƙasa na Hausa, da bakan-gizonsa da ginshiƙansa. Wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin sallah, aka yi asarar rayuka. Wannan ya nuna yadda gadon da aka yi sakaci da shi ke komawa. Kaduna da Abuja a wuce su da rana tsaka, ba tare da tsaye-tsaye a daji ba.

Lakwaja ce zuciyar tafiyar, kuma ita ce wurin da mutanenmu suka fi wucewa da gudu. Ana tsayawa a ci kifi, a sha mai, a yi gaba. Alhali a nan ne Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 ya shelanta mulkin Arewa, kuma nan ne Turawa suka mayar wurin ajiye sarakunan da suka ƙi sunkuya musu. Sarkin Kano Alu Babba yana Sakkwato lokacin da aka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Wazirinsa Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi kuma aka kama shi, aka kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lakwaja, inda ya zauna har ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, malami kuma mawallafin waƙoƙin Hausa da har yau ake nazarinsu a jami'o'i, an tuɓe shi bayan kusan shekara goma sha takwas a gadon sarauta, ya rasu a nan a 1924. Kaburburansu suna cikin tsohon garin, wajen unguwar Kabawa, kuma mazauna wurin suna nuna wa baƙo. Ka yi tunanin mutumin da aka yi wa tambari a Gidan Rumfa, ya ƙare rayuwarsa cikin zafin bakin kogi, nesa da ganuwar garinsu, fiye da shekara ashirin. In akwai kabarin da ya cancanci Bakano ko Bazazzagi ya karkata sitiyari dominsa, to waɗannan ne, kuma bai kamata masarautun biyu su bar kula da su a hannun mutanen unguwa kaɗai ba.

Kafin a bar garin a hau Dutsen Patti. Daga sama ana ganin inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ruwa shimfiɗe iya ganin ido. Ga yaron da bai taɓa ganin abin da ya fi madatsar Zoɓe ba, wannan share fage ne. A tuna kuma cewa wannan ruwa yana da fushi: ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse hanyar Abuja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ƙarin dalili ke nan na guje wa ƙarshen damina.

Daga Okene zuwa Owo da Akure da Ife, daji yana yin duhu, hanya tana yin ƙunci, manyan motoci suna yawa. A Badun a sauka Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a 1916, wadda ta girma a kan cinikin shanu da goro. A nan za a ji Hausar da ta sha ruwan Yarbanci, a ci tuwo, a yi sallah a bayan limamin da kakansa ya zo daga Kano ko Katsina. Haka Sabon Shagamu, inda ake ɗaure huhun goro zuwa Arewa. Waɗannan unguwanni su ne masaukin da ya fi dacewa da iyali, domin ba a rasa wanda ya san wani naka, kuma su ne za su gaya maka wace hanya ce ta lalace a makon nan.

Tuƙi a Legas jarrabawa ce. Wanda bai saba ba ya ajiye motar a masauki ya ɗauki direban gari. A tsibirin Legas aka buɗe masallacin Shitta-Bey a 1894, kuma a wannan birni ne Gwamna Glover ya kafa rundunar da aka kira ta Hausawa a 1863, akasarinsu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu. Daga wannan runduna sojan Nijeriya ke lissafin asalinsa. Bakin tekun Bar Beach da tsofaffin ’yan ci-rani ke ba da labari ya tafi, an cike wurin an yi Eko Atlantic. Wuraren bakin tekun da suka rage a Lekki ana biyan kuɗin shiga, kuma da yamma kiɗa da shaye-shaye sukan yi yawa. Mai iyali ya je da hantsi, ko kuma ya haƙura har Badagiri, kusan kilomita 65 yamma da birnin.

Badagiri ƙaramin gari ne mai nauyin tarihi. Daga nan Hugh Clapperton da yaronsa Richard Lander suka tashi a watan Disambar 1825 suka nufi Arewa. Sai da suka yi wata bakwai kafin su isa Kano, Clapperton kuma ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, yana baƙon Sarkin Musulmi Bello. Abin da ya ci musu wata bakwai, mota tana yinsa a kwana uku ko huɗu. A bakin ruwa akwai benen da ’yan mishan suka gina a 1845, akwai gidan tarihin garin, akwai kuma kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, ɗakuna ƙanana masu ƙaramar taga. Shi kansa an taɓa bautar da shi, ya dawo ya zama dillalin bayi, kuma Musulmi ne mai faɗa a ji a garin har rasuwarsa a 1919. Ba labari ne mai daɗi ba, kuma babu yadda za a yi a jingina shi ga Turawa su kaɗai.

Daga nan ake shiga kwalekwale a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, a taka rairayi tsakanin itatuwan kwakwa, a wuce wata rijiya da masu jagora ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har a fito gaban Atlantika. Ta gaɓoɓi irin wannan, da Wida da Legas, aka kwashi dubban mutanen ƙasar Hausa, musamman a shekarun yaƙe-yaƙen jihadi, lokacin da kowane ɓangare ke sayar da kamammun ɗayan. Da yawa sun ƙare a Bahia ta ƙasar Barazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi babban boren watan Azumi a Janairun 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu da rubutun Larabci. Almajiran allo ne irin na zaurukanmu. Babu hubbare a gare su, babu wanda ya san garuruwansu, kuma ina ganin wanda ya yi wa Ɗanmarina da Alu addu'a a hanya, bai kamata ya bar wannan rairayi bai yi musu ba.

Bayan haka a bar yara su yi wasa, don shi ma haƙƙinsu ne. Su tsinci ƙwarya da bawon kifi, su ɗanɗani ruwan su tofar, su hau doki, wanda sau da yawa mai jan linzaminsa ɗan Arewa ne da zai tambaye ku labarin gida. Amma a ja musu kunne sosai. Tekun wannan gaɓa tana da igiyar da ke ja ta ƙasa, kuma iya iyo a dam ko a gulbi ba ya amfani a nan. Ruwa ya tsaya iya ƙauri, babba yana riƙe da hannun ƙarami.

Wanda ke da sauran guzuri, iyakar Seme ba nisa. Da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, da inshorar mota ta ƙetare, ana iya kaiwa Kwatano, inda Zongo ke cike da Hausawa, a wuce Wida a ga ƙofar tunawa da bayi da aka gina a bakin ruwa a 1995. Motar Nijeriya takan sha tambayoyi a iyakar, don haka wasu sukan bar ta a Badagiri su shiga ta haya. Dawowa gida kuma a ba ta kwana uku cur: Badun ko Akure, sai Abuja, sai Kano ko Katsina. Ko da an iso Katsina da la'asar sakaliya, a kwana a birni, a ƙarasa Birchi da hantsi.